Daga Kwinin Zuwa Sange: Coci da Zazzaɓin Ƙauye

Idan ana maganar coci da zazzaɓin cizon sauro, na fi son a fara daga kogin Kwara. A 1841 Ingila ta turo jiragen ruwa su haura kogin, ɗauke da 'yan mishan biyu, Samuel Ajayi Crowther da J. F. Schön, wanda daga baya ya rubuta nahawun Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa da dama, tafiyar ta watse. A 1854 likita William Baikie ya sake haurawa, Crowther na tare da shi. Wannan karon an riƙa shan kwinin kullum, kuma babu wanda ya mutu. Shi kansa kwinin daga ɓawon wani icce na ƙasar Peru yake, wanda limaman Katolika suka yaɗa a Turai.

Abin lura shi ne, rigakafin nan na farko na baƙi ne. Ɗan ƙauye ya ci gaba da binne 'ya'yansa duk damina. Ko sanin cewa sauro ke yaɗa cutar sai a 1897, da binciken Ronald Ross.

Sannu a hankali dakunan shan magani na mishan suka shiga karkara. A Nijar, asibitin Galmi da SIM ta buɗe a 1950 ya zama wurin da Musulmi da Kirista ke kai mai masassara. Amma wannan magani ne bayan ciwo ya kama.

Rigakafi na haƙiƙa ya zo da sange mai magani. A 2006 cocin Angilika ya fara shirin NetsforLife a Zambiya, ya bazu har Ghana. Dabararsa mai sauƙi ce: a horar da mutanen gari su bi gida gida, su rataya sangen da hannunsu, su dawo su duba ko ana kwana ciki. A Nijeriya kuma, a 2009, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Akbishop John Onaiyekan suka jagoranci NIFAA, limamai da fastoci suna wa'azi a kan gidan sauro.

A ganina darasin ke nan. Ana iya raba sange dubu a dandali, ya ƙare a ƙulle cikin leda ko a shingen lambu. Uwa ta fi jin maganar wanda take gani a masallaci ko coci, wanda zai dawo gobe ya tambayi lafiyar jaririnta.