Ranchers Bees

Ranchers Bees ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce a birnin Kaduna. Da sunan DIC Bees aka fara saninta, domin ta taso ne ƙarƙashin masana'antar ƙera makamai ta sojojin Najeriya. Da wannan suna ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1983, Enugu Rangers ta doke ta.

Tauraruwarta ta haska bayan Alhaji Muktar Aruwa ya karɓe ta, har magoya baya suka riƙa ce mata 'Yan Aruwa. A 1988 ta je wasan ƙarshe na gasar zakarun kofuna ta Afirka, CA Bizertin ta Tunisiya ta sha da ƙyar da ƙwallo ɗaya. A 1989 ta ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga kulob ɗin da ke hannun mutum ɗaya.

A nan Daniel Amokachi ya yi suna, kafin Clemens Westerhof, kocin Najeriya ɗan Holan, ya kira shi, sannan ya wuce Club Brugge a 1990. Daga baya ƙungiyar ta faɗa ƙaramin rukuni.