Majigi Uku, Hoto Ɗaya

Duk wanda ya ga irin bangon talabijin na zamanin nan, inda ake yanka hoto guda mai nauyi a rarraba wa alluna da dama, kowane ya haska rabonsa, yana iya zaton kwamfuta ce ta zo da wannan hikima, alhali kuwa ma'abota sana'ar majigi sun sha wahalarta tun fim yana zare da ake naɗewa.

A shekarar 1927 Bafaranshe Abel Gance ya nuna fim ɗinsa na Napoleon a birnin Faris, ya kammala shi a kan alluna uku a jere, sai dai galibin gidajen kallo ba su da halin ɗaukar wannan ɗawainiya. Ba'amurke Fred Waller, wanda a Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙera na'ura mai majigi biyar ta koya wa soja harbin jirgin sama, shi ne ya mai da al'amarin kasuwa, yayin da aka buɗe Cinerama a New York ranar 30 ga Satumba 1952: majigi uku a ɗakuna uku suna haska allo mai lanƙwasa, sauti kuwa yana kan zare na huɗu shi kaɗai.

To, a nan ne mushkilar take, domin wajibi ne zarurrukan su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, ta yadda in ɗaya ya tsinke aka yi hasarar wasu hotuna, sai mai gyara ya ƙirga adadinsu ya liƙa baƙin zare daidai gwargwadonsu, in ba haka ba, mahayi ya shiga sashen tsakiya kafin dokinsa ya baro na hagu. Mahaɗar hotunan ma, wadda ido ba ya yafe mata, sai da aka sa wasu ƙarafa masu haƙoran mataji suna kaɗawa cikin majigin don su dushe gefenta, masu ɗaukar hoto kuma suka riƙa ɓoye ta bayan itace ko ginshiƙi, dabarar da a ganina ta fi ta ƙarfen armashi.

Tsada ta kayar da tsarin jim kaɗan bayan 1962, aka koma ga zare guda mai faɗin milimita 70. Masu shirya manyan fayilolin bidiyo a yau sun gaji matsalolin biyu cif: suna yanka hoton gwargwadon kowane allo, su ɗaure na'urorin ga agogo guda, su dushe gefuna inda hasken majigi biyu ya hau juna.