Garka a cikin gida: yadda za ku koyar da yaro karatu da lissafi da ita

Mai karatu, idan akwai yaro a gidanku da ba ya zuwa lakwal, ko don nisan gari, ko don rashin lafiya, ko don an rufe makarantar garinku, wannan bayani naku ne. Yaron da ya fara sanin baƙaƙe sa'an nan ya zauna shekara guda bai taɓa alli ba, yawancin abin da ya koya yana zubewa. Garka ƴar ƙarama a bayan ɗaki tana iya riƙe masa karatunsa, kuma ta ba gida ganyen miya.

Abin da ake bukata

Ku ware fangali ɗaya, faɗinsa mita 1, tsawonsa mita 2, a wurin da rana take samu, ku kewaye shi da kara ko ƙaya saboda awaki da kaji. A nemi takin gida da ya ruɓe sosai, da igiya, da allo, da kaye guda wanda ba za a rubuta komi a ciki ba sai zancen garka. Wanda ba shi da fili, tsohon buhu ko fasasshen kwano ya isa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa Fabrairu, sa'ad da sanyi yake taimakon albasa da salati da tumatir da karoti. Da damina kuwa a koma ga kuɓewa da yakuwa da wake.

Fangalin ya zama na yaron. Shi zai auna, shi zai shuka, shi zai ba da ruwa. Idan babba ya karɓe aikin don ya fi iyawa, to an samu albasa amma an rasa darasi.

Karatu da rubutu

Ku fara da sunayen abin da aka shuka. Yaro ya rubuta sunan kowane iri a guntun kwali ko katako, ya kafa a bakin layinsa, ya riƙa karanta shi kullum da safe. Garka tana da kalmomin da suke ɗauke da baƙaƙen da suka fi ba yara wuya: ɓ a cikin kuɓewa, ɗ a cikin ɗanye, ƙ a cikin ƙasa, ƴ a cikin ƴaƴa, ts a cikin tsiro, sh a cikin shuka. Wannan ƴ mai lanƙwasa ita ce ake amfani da ita a ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar da aka tsayar a 1999. A littattafan Najeriya za ku ga an rubuta 'y. Ku nuna wa yaro duka biyun, don kada ya ruɗe ranar da littafin Kano ya shigo hannunsa.

Bayan haka sai kaye. Kowace rana a rubuta kwanan wata da jimla ɗaya tak: "Yau wake ya tsiro." "Tsutsa ta ci ganye uku." Kada ku tsananta gyara a farko, ku gyara kuskure ɗaya a rana, ku bar sauran.

Lissafi

A nan ne garka ta fi amfani. A dasa albasa, misali irin na Galmi, a layi 5 bisa tsawon fangali, da tazarar santimita 10 tsakanin tushe da tushe. Kowane layi zai ɗauki tushe 20. Kafin ku faɗi amsa, ku bar yaro ya ƙirga da kansa har ya kai 100, sa'an nan ku nuna masa cewa 5 sau 20 hanya ce ta gajarta wahalar da ya sha. Idan tushe 7 suka mutu, ga darasin ɗebewa ya zo da ƙafarsa.

Akwai wani tarko da na daɗe ina gani a ajin yaƙi da jahilci, manya ma suna faɗawa ciki. Da baki muna ƙirga kuɗi da dala, amma a takarda da faranka ake rubutawa. Dala ɗaya faranka 5 ce. Saboda haka wanda ya sayar da kashin salati dala 20, a kaye 100 zai rubuta, ba 20 ba. Yaron da bai gane wannan ba zai iya lissafin allo, amma a kasuwa a cuce shi. Ku sa shi ya ja layi biyu a kayensa, ɗaya na dala, ɗaya na faranka, ya cika su duk ranar da aka sayar da wani abu, har ya kai dala 200, wato jika guda, faranka 1000.

Binciken tsiro

Ku ba shi gwangwani biyu ya shuka wake, ɗaya a rana, ɗaya a cikin ɗaki mai duhu. Cikin kwana 4 ko 5 duka za su tsiro, amma na duhu zai yi tsawo, siriri, ganyensa fari-fari, don tsiro da hasken rana yake haɗa abincinsa. Kada ku yi masa bayani tun farko. Ku tambaye shi abin da yake tsammani zai faru, ya rubuta, daga baya a gwada da abin da aka gani.

Kafin damina kuma, ya ƙirga ƙwayar hatsi 100 daga irin da kuka ajiye, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya riƙa yayyafa ruwa har mako guda. Adadin da ya tsiro shi ne kashi nawa cikin ɗari na irinku yake da rai. Idan kusan rabi bai fito ba, mai gida ya san sai ya nemi wani iri tun ruwa bai sauka ba.

Hattara

Kada yaro ya taɓa maganin ƙwari na kanti, ko ya yi wasa da kwalbarsa. Idan ƙwari sun yi yawa, a daka ƴaƴan bedi, a jiƙa su kwana ɗaya, a tace, babba ya yayyafa da marece. Ƙaramin yaro ba ya zuwa bakin rijiya shi kaɗai. Rabin awa zuwa awa guda a rana ya wadatar, kuma ɗiya mace ta samu fangalinta da kayenta kamar namiji, ba ɗibar ruwa kawai ba. Garka ba ta maye gurbin lakwal: da zarar hanya ta buɗe, ku kai yaron a rubuta sunansa, ku tafi da kayen garkar ku nuna wa malami don ya san ajin da ya dace da shi.