Richard St. Barbe Baker: Jami'in Daji da Ya Tara Mabiya Addinai a Gindin Itace

Ranar 5 ga Yunin 1982, wani dattijo ɗan shekara 92 ya dasa itace a harabar Jami'ar Saskatchewan da ke birnin Saskatoon na ƙasar Kanada. Kwana huɗu da yin haka rai ya yi halinsa, aka binne shi a garin. Sunansa Richard St. Barbe Baker. Ba kowa ya san sunan a ƙasar Hausa ba, amma duk wanda ya taɓa jin labarin katangar itatuwan da ake son shatawa daga Senegal zuwa Jibuti don tare hamada, ya ji wani ɓangare na mafarkinsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mutumin ya fara cin abincinsa ne a harkar sarar itace, kuma ya yi shekaru yana kula da dazuzzukan katako a kudancin Najeriya.

An haife shi ranar 9 ga Oktoban 1889 a ƙauyen West End na yankin Hampshire a kudancin Ingila. Mahaifinsa mai renon itatuwa ne yana sayarwa, kuma mai wa'azin Kirista. Yaron ya tashi tsakanin tukwanen dashe da ɗakin ibada, kuma har ya tsufa bai raba waɗannan biyun ba. Da ya kai shekara ashirin ya haye teku zuwa yammacin Kanada, ya shiga sahun ɗaliban farko na Jami'ar Saskatchewan. Don ya sami kuɗin makaranta sai ya riƙa zuwa sansanonin masu saran itace a wajejen Prince Albert. A can ya riƙe gatari da zarto da hannunsa, ya ga yadda ake kwantar da daji a ɗebi na ɗiba a bar saura yana ruɓewa. Wannan ɓarnar ta tsaya masa a rai.

Ya koma Ingila da niyyar karatun addini a Cambridge, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Ya shiga soja, ya ji raunuka a fagen daga. Da ƙura ta lafa ya koma Cambridge, amma wannan karon ilimin daji ya karanta. A 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta tura shi Kenya a matsayin mataimakin jami'in gandun daji.

Aikin da aka ba shi ba na tausayin itace ba ne. Daji dukiyar gwamnati ne, shi kuma mai ƙidaya ne da tsaro. Jirgin ƙasan da ya taso daga Mombasa zuwa Tafkin Victoria da itace ake hura masa wuta, Turawa 'yan kama-wuri-zauna sun mamaye ƙasar noma mai kyau, an matse 'yan ƙabilar Kikuyu, su kuma suna sassabe abin da ya rage. Baker ya so a yi dashe, ofis ya ce babu kuɗi.

Sai ya lura da wani abu. Kikuyu ba sa fara babban aiki ba tare da rawa ba: akwai ta shuka, akwai ta girbi. Ya tuntuɓi dattawa tare da wani basarake, Josiah Njonjo, suka shirya rawar itatuwa. Ranar 22 ga Yulin 1922 samari kusan 3,000 suka hallara a Muguga, kusa da Nairobi. Daga cikinsu aka zaɓi 50 na farko, suka yi alkawari uku: aikin alheri guda kowace rana, dasa itace goma kowace shekara, da kula da itace duk inda suka gan shi. Aka kira su Watu wa Miti da Swahili, wato mutanen itatuwa. Ba albashi, ba tara, ba ɗan sanda. Bahaushe zai gane abin nan da nan, domin gayya ce aka yi wa daji. A Muguga ɗin nan ne cibiyar binciken gandun daji ta Kenya take a yau.

Wannan kusanci da 'yan ƙasa bai yi wa manyansa daɗi ba. Ana ba da labarin ranar da wani jami'i Bature ya kai wa wani ma'aikaci Bakikuye duka, Baker ya shiga tsakani, dukan ya sauka a kafaɗarsa. Zamansa a Kenya bai yi nisa ba bayan haka. Da ya koma Ingila ya kafa ƙungiyar Men of the Trees a 1924, wadda ta yi rassa a ƙasashe da dama, kuma tana nan har yau da sunan International Tree Foundation. A wannan tsakanin ne kuma ya karɓi addinin Baha'i.

Daga tsakiyar shekarun 1920 zuwa 1929 yana kudancin Najeriya, a dazuzzukan ƙasar Benin. Nan ne cibiyar cinikin katako a lokacin. Abin da Turai ke nema shi ne mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu na Arewa, sai dai na kurmi ya fi shi tsawo da miƙewa nesa ba kusa ba. Gindinsa na da fukafukan saiwa masu faɗi, don haka sai masu sara su kafa dakali na sanduna su hau, su yi ta sara da gatari daga sama da tsayin mutum. In ya faɗi a datse shi gunduwa-gunduwa, majiya ƙarfi su ɗaura igiya su ja gungumen da waƙa har bakin rafi. A ɗaure gumagumai su zama gado, ruwa ya kai su Sapele, jirgin ruwa ya kwashe zuwa Ingila. Har yau akwai wani nau'in katako da duniya ke kira da sunan garin Sapele. Aikin jami'i irin Baker shi ne ya tabbatar kamfani bai sari itacen da bai kai kauri ba, an biya kuɗin gwamnati, an kuma yi tanadin abin da zai maye gurbi. A wannan na ƙarshen ne lissafi ke ƙin fita. Itacen da ya shekara ɗari yana girma, kwana ɗaya ko biyu ya isa a kayar da shi. Baker bai taɓa cewa a daina amfani da katako ba. Matsayinsa shi ne a ci riba a bar uwar kuɗi.

A 1929 ya bar aikin mulkin mallaka, ya nufi Falasɗinu, wadda ke hannun Ingila a lokacin, bisa gayyatar babban kwamishina Sir John Chancellor. Duwatsun ƙasar sun yi sanƙo, ruwan sama na wanke ƙasa. Baker ya san ba a dashe a ƙasar da masu ita ba sa ga-maciji da juna sai an fara da shugabanninsu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya: malaman Musulunci na Ƙudus, limaman majami'u daban-daban, shugabannin Jami'ar Ibraniyawa, har ya zaunar da wakilansu a taro guda aka kafa reshen ƙungiyarsa. Shoghi Effendi, jagoran Baha'i na lokacin, shi ne ya fara yankar katin zama ɗan ƙungiya na har abada. Baker bai nemi kowa ya sassauta aƙidarsa ba, bai kuma buɗe muhawarar tauhidi ba. Ya kawo abin da kowannensu ya riga ya yarda da shi a littafinsa, cewa dasa itace aikin lada ne.

Kada a ƙara wa miya gishiri: taron bai hana jini zuba ba. A watan Agustan wannan shekarar rikici ya ɓarke kan bangon Buraƙ da ke Ƙudus, aka rasa rayuka sama da 200. Dashen itace kansa daga baya ya zama makamin siyasar mallakar ƙasa a yankin. Abin da taron ya nuna kaɗan ne, amma gaskiya ne: mutanen da ba za su haɗa sahu a wurin ibada ba suna iya haɗa hannu a bakin rami.

Sauran rayuwarsa tafiya ce. Ya yi fafutukar ceto manyan itatuwan California a Amurka, ya rubuta littattafai kusan 30. A 1952, yana da shekara 63, ya jagoranci wata tawaga a mota suka ratsa Sahara daga Aljeriya suka wuce har gabashin Afirka, tafiyar mil 9,000. Ya dawo da shawarar a shata ɗamarar itatuwa mai faɗin kusan kilomita 50 a bakin hamada, ya bayyana ta a littafinsa Sahara Challenge na 1954. Gwamnatoci suka saurara suka kau da kai. Sai bayan rasuwarsa, a 2005, Shugaba Olusegun Obasanjo ya sake ɗaga maganar, Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007: kilomita kusan 8,000 ta ƙasashe 11. A Najeriya shirin ya shafi jihohi 11, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Borno.

Sai dai a nan tarihi ya yi wa Baker gyara. Hamada ba runduna ba ce da ke tahowa a jere har a tare ta da katanga. Ƙasa na mutuwa ne tabo-tabo, duk inda aka gaji da ita. Dashen da aka yi a wuraren da babu mai ban ruwa, babu mai korar awaki, da yawansa bai ga damina ta biyu ba. Nasara mafi girma ta fito ne daga gonakin Maraɗi da Damagaram. A 1983 wani masanin noma ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturen itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Manoma suka kira shi sassabin zamani. Kirista ne ya zo da shawarar, Musulmi ne suka ɗauke ta suka yaɗa daga gona zuwa gona. Ƙiyasin masu bincike ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, da yawansu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana.

Abin da ya daɗe yana hana manomi barin itace a gonarsa kuwa shi ne dokar daji da aka gada daga Turawa, wadda ta ce itace na gwamnati ne. Wanda ya san malamin daji zai ci shi tara in ya sari reshe a gonarsa, gara ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami. Da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai daji ya dawo. Wato irin ofishin da Baker ya yi wa aiki yana cikin masu laifi, kuma dabarar da ya gwada a Muguga a ƙuruciyarsa ta fi taswirar da ya zana da tsufansa.

An karrama shi kafin ya rasu: digirin girmamawa daga tsohuwar jami'arsa a 1971, lambar OBE daga Sarauniyar Ingila a 1978. A Kenya kuma, Wangari Maathai, 'yar Kikuyu, ta kafa nata yunƙurin dashe da matan karkara a 1977, ta kai ga lambar Nobel a 2004. Katangar hamada har yanzu ana kai ruwa rana a kanta, ana taro ana neman kuɗi. Manomin Maraɗi kuwa in bazara ta yi sai ya ɗauki addarsa ya shiga gona, ya durƙusa gaban kututture, ya duba wane reshe zai bari.