Tarihin Adana Samfurin Baƙin Ƙuda da Yaƙi da Makantar Bakin Kogi a Jihar Nasarawa

Wannan maƙala za ta bi diddigin wani aiki da ba kasafai ake yi masa kallon tarihi ba, wato tattara ƙwarin ruwa da shigar da su cikin kundin gidan adana samfuri. Misalin da ya fi kusa da mutanen Lafiya shi ne na baƙin ƙuda, wanda tsutsarsa ke manne wa duwatsu da ganyaye a inda ruwa ke gudu da ƙarfi, kamar yadda ake samu a Kogin Mada.

Theobald ne ya raɗa wa ƙudan sunan Simulium damnosum a 1903, daga samfurin da aka kamo a Uganda. A 1926 Blacklock ya tabbatar a Saliyo cewa shi ke yaɗa tsutsar da ke jawo makantar bakin kogi. Daga nan sanin kogin da yake hayayyafa ya zama maganar idon manomi da masunci. A 1953 Gidan Tarihin Halittu na Landan ya buga littafin Freeman da de Meillon kan irin waɗannan ƙudaje a Afirka, wanda ya zama madogarar masu tantancewa. A shekarun 1950 kuma R. W. Crosskey ya bi kogunan Jihar Arewa yana tsintar tsutsa, kuma a 1956 aka fara zuba DDT a kogunan ƙasar Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu. A lokacin Lafiya tana cikin Lardin Binuwai.

A ganina, darajar wannan aiki tana jikin 'yar takardar da ake sa wa kowane samfuri: sunan kogi, ranar kamu, da sunan wanda ya kama. Kwalbar da ta rasa takardarta ta tashi daga shaida, ko da ƙwaron da ke ciki bai lalace ba. Irin waɗannan bayanai ne Crosskey ya harhaɗa a 1981 ya nuna yaɗuwar ƙudan a Nijeriya baki ɗaya.

Sai dai kundin ya ɓoye wani abu shekara da shekaru. A 1975 Charles Vajime, ɗan Nijeriya wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, tare da Dunbar, suka nuna cewa suna ɗayan nan ya ƙunshi jinsuna da dama da ido ba ya rarrabewa, sai an duba kuromosom na tsutsar. Biyu daga ciki, masu zama a ƙasar ciyayi, su aka fi dangantawa da makanta mai tsanani. Busasshen ƙudan da aka soke da allura ba ya amsa wannan tambaya, don haka tilas aka koma koguna aka sake tsinto tsutsa, aka adana ta cikin ruwan magani na musamman.

An fara rabon maganin Mectizan a yankin a farkon shekarun 1990, kafin a cire Nasarawa daga Filato a 1996. Da aka zo yanke shawarar dakatar da shi, ƙudan aka sake komawa: aka kama su da yawa a bakin koguna, aka rubuta wuri da ranar kowane kamu, aka bincika ko suna ɗauke da tsutsar cutar. Bisa wannan sakamako da gwajin jinin yara, a 2018 aka daina rabon maganin a jihohin biyu.