Yaɗuwar Ƙwayoyin Cuta Wajen Figar Kaji

Figa na cikin matakan da ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa a manyan mayankar kaji. Bayan yanka, ana tsoma kaji cikin ruwan zafi mai digiri 50 zuwa 60 na Salshiyas, sannan inji mai yatsun roba ya fige su. Matsin yatsun yakan fitar da kashi daga hanji, ya shafa wa kajin da ke biye bakteriya irin su Kamfilobakta da Salmonela, masu jawo gudawa da zazzaɓi. Tsagewar roba kuma maɓoya ce gare su. Ana rage haɗarin ta hanyar hana kaji abinci kafin yanka, wanke injin, da sauya tsofaffin yatsu. Dafa nama har cikinsa ya kai digiri 74 yana kashe ƙwayoyin cutar.