Daga Lafani zuwa Yama: masallacin ƙasa da wani manomi ya gina

1/ Jama'a, labarin da ɗan tsawo, ku bi ni a hankali. Wata tafiya ce na yi ni kaɗai daga Lafani, nan kusa da Illela, zuwa wani ƙauye a Nijar don kawai in kalli gini. Ba biki, ba gaisuwar mutuwa, ba fatauci. Da na gaya wa Inna sai ta ce: "Wa ka sani can?" Na ce ba kowa. Ta ce to Allah ya shirya.

2/ Abin ya samo asali ne daga waya. Wani dare na ci karo da hotunan wani tsibiri a Japan, Nawoshima, mai mutane kamar 3,000. Da can an fi saninsa da masana'antar narkar da tagulla ta Mitsubishi, wadda aka kafa a 1917. Matasa suna ta ƙaura zuwa birni, ana barin tsofaffi.

3/ Sai kamfanin Benesse ya zuba kuɗi. Mai zanen gine-gine Tadawo Ando ya tsara musu Benesse House, aka buɗe a 1992, sannan gidan zane na Chichu a 2004, wanda galibinsa a ƙarƙashin ƙasa yake. A bakin teku aka ajiye wata ƙatuwar kabewa rawaya mai ɗigo-ɗigon baƙi, aikin Yayoi Kusama, tun 1994. Guguwa ta yi awon gaba da ita a 2021, aka mayar da sabuwa a 2022. Yau mutane na shiga jirgin sama, su hau na ƙasa, su hau na ruwa, don su je su ga kabewar nan.

4/ Na ce a raina, mu dai ba mu da irin wannan. Ina cikin lalube sai na faɗa kan jerin gine-ginen da suka ci kyautar Aga Khan ta 1986, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gini a duniya, wadda ake bayarwa duk shekara uku. A jerin akwai gyaran Masallacin Ƙudus. Akwai tsohon garin Mostar. Sai ga Masallacin Yama, jihar Tawa, Nijar. Wallahi sai da na tashi zaune. Tawa fa? Ai motocin da ke zuwa can ta gabanmu suke wucewa.

5/ Lokacin sanyi ne na 2022, an gama kaka, iyaka a buɗe take. Wanda ke zaune a nan ya san ba kullum ake samun haka ba: an rufe ta a Agustan 2019 sai Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Na canja naira zuwa sefa, na tsallaka Kwanni da sassafe, na shiga motar Tawa. A Tsarnawa hanya ta yi arewa. Wajen Badagishiri na sauka na hau kabu-kabu.

6/ Wani abin dariya: Yama a gundumar Illela take. Su ma suna da tasu Illelar. Da ɗan kabu-kabu ya tambaye ni daga ina, na ce Illela, sai ya dube ni ya ce bai taɓa ganina ba.

7/ Ga tarihin. A 1962, shekara biyu da samun mulkin kan Nijar, dattawan Yama suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a. Suka ɗora aikin a kan Falke Barmu, magini kuma manomi, ɗan garin. Ba ɗan kwangila, ba zane a takarda. Aikin gayya aka yi: wasu na buga bulon ƙasa, wasu na jidon ruwa, wasu na kawo itace, mai hatsi ya ba da hatsi.

8/ Ginin farko bai da wani ado. Ɗaki ne mai kusurwa huɗu, ginshiƙai a jere, rufi shimfiɗaɗɗe. Da nan aka tsaya da babu wanda zai san Yama. Amma a 1975 da rufin ya buƙaci gyara, Falke bai mayar da shi yadda yake ba. Ya ɗora sabon rufi a kan bakan gizo, ya tayar da tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 kuma ya ƙara hasumiyoyi huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Shekara 20 ke nan ana gini ɗaya, ana noma da damina, ana komawa kansa da rani.

9/ Hasumiyoyin nan su ne abin kallo, don babu biyu da suka yi kama. Kowace da tsayinta, da yadda ta tsuke zuwa sama, da irin tagoginta da ƙawarta. Ɗan makarantar zanen gini da ya kawo haka a jarrabawa, ina jin malaminsa cewa zai yi ya je ya daidaita su. Ni kuwa na zagaya ginin sau uku, kowane gefe kamar wani masallaci dabam nake gani, amma ba inda za ka ce wani abu ya yi bare.

10/ A nan na gane amfanin tafiya kai kaɗai. Da da abokai muka zo, da minti goma an yi hoto an ce mu tafi, rana na yi. Ni kuwa na samu gindin bango na zauna, ina kallon yadda inuwar hasumiya ke tafiya a jikin yaɓe. Ana ganin sawun hannun mutane a bangon. Ba ƙarin gishiri, sawun yatsu.

11/ Da azahar ta yi na yi alwala na shiga. Waje rana, ciki sanyi kamar ka sa hannu a randa, ba fanka ba komai. Haske kaɗan ne ke shigowa, sai ido ya saba kafin ka ga bakan gizon suna tashi daga ginshiƙai suna haɗuwa a sama. Bayan sallama wani dattijo ya ce: "Yaro, baƙo ne kai?" Na ce e Baba, daga Najeriya, ginin na zo gani. Ya yi murmushi ya ce sun saba ganin Turawa da kyamara, amma ɗan'uwa daga ƙetaren iyaka ba kasafai ba. Kunya ta kama ni.

12/ Kada wani ya ɗauka Falke daga sama ya faɗo. Ƙasar Hausa ta daɗe da magina, har da sarautar Sarkin Magina. A Zariya, zamanin Sarki Abdulkarim a ƙarni na 19, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a da har yau masana ke rubutu a kan bakan gizonsa. Kalmomin sana'ar ma sun isa shaida: tubali, azara, ɗaurin guga, zanko, indararo, makuba da ake yi da ɓawon ɗorawa don yaɓe ya jure ruwa. Ku gwada tambayar ƙannenku ma'anar uku daga ciki.

13/ Abin da ya bambanta Falke shi ne zamaninsa. Shekarun da ake yayin siminti da kwano, ana ganin ginin ƙasa alamar talauci ce, a lokacin ne shi yake ƙirƙiro sabon abu da ƙasa. Shi ya sa ban yarda a kira Yama "kayan tarihi" ba. Hasumiyar ƙarshe shekara goma kacal ta girmi Benesse House. Aikin zamani ne, Bahaushen ƙauye ne dai ya yi shi.

14/ Kuma kada in yi muku daɗin baki. Ginin ƙasa wahala gare shi. Yana son yaɓe a kai a kai, in aka yi sakaci damina biyu-uku sai bango ya fara zaizayewa. Da can gayya ke ɗaukar wannan nauyi. Yanzu samarin da za su kwaɓa ƙasa suna ci-rani a Legas ko Abijan, kuɗi suke aikowa, kuɗi kuwa siminti yake saye. Wanda ya ce a rushe a yi na bulo ba mahaukaci ba ne, lissafi ya yi.

15/ Amma akwai wata hanyar, kuma a jihar Tawa ɗin aka gwada ta. A Dandaji akwai wani masallacin da Falke ya gina, ya tsufa, ana maganar rushe shi. Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo shawara: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabo a gefensa da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji. Suka nemo maginan da suka yi aikin farko aka yi da su. An gama a 2018, ana kiran wurin Hikma, shi ma ya ci kyautar ƙasa da ƙasa. Sunan da ofishin Mariam na Yamai yake da shi a da ma Hausa ne: Masomi.

16/ Nawoshima attajiri ne ya kai mata masu fasaha daga waje, kuma ban raina abin da suka yi ba, sun raya tsibirin da ke mutuwa. Yama kuwa ba wanda ya kai mata kowa. Kuma ba tikiti ake saye a shiga ba, sahu ake bi.

17/ Na dawo gida bayan isha'i, ƙura har cikin kunne. Abin da ban faɗa muku tun farko ba: kakana magini ne. Ban riske shi ba, kuma ban taɓa damuwa in tambaya ba. Akwai wani ƙaramin masallacin ƙasa a unguwarsu da aka ce da hannunsa a ciki, bangon gabas ya tsage, ana tara kuɗin bulo.

18/ Washegari na je wurin Baffa, yayan mahaifina, na nuna masa hotunan Yama. Ya daɗe yana kallo, yana matso da wayar kusa da ido. Ya sa yatsa a kan wani bakan gizo ya ce Baba ma ya iya wannan, da azara yake ɗaure shi. Na ce Baffa, akwai wanda ya koya a wurinsa da ke raye? Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan ya ce saura mutum ɗaya, yana wajen Gwadabawa, idonsa ya yi rauni amma hankalinsa garau. Ranar Asabar za mu je, ni da Baffa, kafin a sayi bulon.